Tairista, liniya ko mai kunna-kashe: wace na'ura ce za ta riƙe wutar maganaɗisun bincike a Zariya?

Duk injiniyan da aka ɗora wa rubuta takardar odar na'urar da za ta riƙa ba maganaɗisun injin hanzarta ƙwayoyin zarra wuta, iri uku zai tarar a kasuwa: mai tairista, wato makunnin lantarki da ake buɗewa da sigina, da liniya, da mai kunna-kashe wadda ake ginawa da tiransistoci irin IGBT ko MOSFET. Kowane kamfani zai turo masa takarda cike da alƙaluma masu daɗin karantawa, sai dai an gwada su ne a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu kuwa a Zariya muke. Maganar ba ta yi mana nisa ba. Cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello tana tafiyar da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, tun 2004, takwararta da ke Ile-Ife tana da injin hanzarta ƙwayoyi irin na tandem mai bolt miliyan 1.7, kuma ɗaliban fiziks da na injiniyan lantarki da ke Samaru a yau su ne gobe za su zauna a kwamitin sayen irin waɗannan kaya, na bincike ne ko na asibiti.

Kafin a kwatanta su sai an san kayan da za a ɗora musu. Mu ɗauki maganaɗisun da ke tace furoton masu ƙarfin MeV 3, wato miliyan 3 a ma'aunin eV da ake auna ƙarfin ƙwayoyi da shi, yana lanƙwasa hanyarsu a kwanar da ke da rabin mita daga tsakiyarta. Lissafi ya ba shi kusan tesla 0.5. A ce naɗinsa na wayar jan ƙarfe ce mai rami da ruwa ke bi ta ciki, turjiyarsa om 0.1, indoktans ɗinsa, wato ƙin canjin amfiya da naɗin ke yi, henri 0.1, yana cin amfiya 200. Bolt 20 ke nan, kilowat 4, ba wata wuta ta a zo a gani ba. Inda gizo ke saƙar shi ne tsayuwarta wuri ɗaya. Ƙarfin maganaɗisu yana bin amfiya sau da ƙafa, kuma a irin wannan injin shi ne ke yanke ƙarfin da ƙwayoyin za su isa da shi kan abin da ake bincike. Idan amfiya ta zame da kashi 100 cikin miliyan, wato ppm 100, abin da bai wuce miliamfiya 20 ba, ƙarfin furoton zai zame da ninki biyu na haka, eV 600. Mai neman sanin sinadaran da ke cikin ƙasar noma ko dutse ba zai ma lura ba. Mai farautar siririyar amsawar nukiliya, irin ta alminiyam da ke kusa da keV 992 wadda ake saita ma'aunin injin da ita, zai iya tsallake ta bai gani ba.

Jan ƙarfe kuma yana ƙara turjiya da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri. Naɗin da aka kunna da sanyin safiya, idan zuwa azahar ya ɗumama da digiri 10, turjiyarsa ta hau da kusan kashi 4 cikin ɗari. Na'urar da bolt take tsarewa za ta bar amfiya ta faɗi da wajen ppm 40,000. Shi ya sa duk ukun amfiya suke tsarewa, bolt kuwa su bar shi ya je inda ya ga dama. Abu ɗaya ke taimakonmu, shi ne naɗin waya ba ya son canji na gaggawa. Karkarwar bolt 1 mai bugawa a Hz 300, wato sau 300 a sakan ɗaya, za ta tarar da shingen om 188, ta bar kusan ppm 27 a cikin amfiya. Ita ɗin dai a Hz 100, ppm 80. A Hz 20,000, a takarda, ba ta kai ppm 1 ba. Rabin gardamar da ke tafe a kan waɗannan alƙaluma uku take.

Mai tairista ita ce tsohuwar hannu. Taransifoma ta sauko da boltin layi uku, tairistoci shida su miƙar da shi, ana kuma daidaita yawan wutar ta hanyar jinkirta lokacin buɗe kowanne a cikin zagayen wutar. A layin Hz 50 irin namu karkarwar da ke fitowa tana bugawa a Hz 300, idan an haɗa gada biyu, kowace mai tairista shida, ta zama mai bugu 12 sai ta koma Hz 600. Sai an bi ta da ƙaton cok, wato naɗin waya mai kwantar da amfiya, da tarin kafasitoci masu tara wuta kafin ta kwanta, shi ya sa akwatinta sai da ƙarti ake ɗaga shi. Amma tana da ƙashi. Tairista kan shanye wajen ninki goma na amfiyar da aka rubuta masa na ɗan ƙiftawar ido bai mutu ba, fis ne zai riga shi tafiya. Asararta kaɗan ce, kuma tana iya mayar wa layi wutar da ta taru a cikin maganaɗisu idan ana sauke shi. A CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, manyan maganaɗisun LHC, babban injinta na hanzarta ƙwayoyi, guda 1,232 an kasa su kashi takwas, kowane kashi 154 a jere, kuma na'urar tairista mai amfiya 13,000 da bolt 190 ce ke ciyar da kowane kashi. Don haka kada wani ya ce maka tsohon yayi ce da ba ta iya aikin ppm.

Abin da ya fi sa mutanenmu sonta shi ne gyara. Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji zai ce maka, "Injiniya, wannan ko cikin dare ta tsaya, ba ni zanenta da mita, kafin asuba ta tashi." Bai yi ƙarya ba. Komai nata a fili yake, manyan kusoshi, manyan wayoyi, allo ɗaya ko biyu da ido ke iya bin layukansu. Duk wanda ya taɓa aiki da injinan masaƙun Kaduna a zamanin da suke ci, ko da manyan cajojin batir, ya san cikinta da bayanta. Ban raina wannan hujja ba ko kaɗan.

Laifinta shi ne agogonta a jikin layi yake. Tana ƙirga lokacin buɗe tairista ne daga inda boltin layi ya ratsa sifili, duk abin da ya sami layin kuwa ya same ta. Idan layi ukun ba su yi daidai da juna ba, kamar yadda aka saba a unguwar da kowa ke canza fes zuwa wanda ya fi haske, sai karkarwar Hz 100 ta ɓullo, ita kuwa matatar an gina ta ne don Hz 300 zuwa sama. Ga shi mun riga mun ga yadda Hz 100 ke ratsa naɗin cikin sauƙi. A kan janareta abin ya fi muni. Gudunsa yana hawa da sauka duk lokacin da famfon ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki ta tashi, tairistar kuma tana yanka wutarsa gunduwa-gunduwa, tana mayar masa da hayaniyar Hz 250 da Hz 350 da ke rikita na'urar da ke daidaita masa bolt. Idan ana tafiyar da maganaɗisun a ƙaramar amfiya, jinkirin buɗewar ya yi yawa, sai ta riƙa jan amfiyar banza daga layi wadda ba ta aikin komai sai ɗumama waya, dole a sayi janaretan da ya fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba. Ba ta kuma da saurin gyara kuskure, domin a mai bugu shida sau ɗaya take samun damar canza shawara a kowane milisakan 3.3. Mafi muni shi ne a ɗauke wuta daidai lokacin da take mayar wa layi wutar maganaɗisu. Tairista ba ya kashe kansa, boltin layi ne ke kashe shi. Idan layin ya ɓace sai ya zauna a buɗe, amfiya ta haura, fis ya tashi.

Liniya ba ta da wannan hayaniyar. Taransifoma, dayod, kafasitoci, sannan jerin tiransistoci da ke tsaye tsakanin wutar da maganaɗisu suna shanye rarar bolt. Aikinta kamar na direban da ya danne totur ƙasa ne, yana daidaita gudu da birki. Babu mai tsabtarta a cikin ukun, babu mai saurin amsawarta, kuma kusa da na'urar gano haske mai jin ƙaramar sigina ba ta da na biyu. Kuɗin wannan tsabta zafi ne, kuma wutarmu ce ke ƙara masa tsada. A ce kana so ta ci gaba da aiki ko da boltin layi ya faɗi da kashi 15 cikin ɗari. Dole a wannan lokacin a sami aƙalla bolt 22 a bayan dayod, wanda ke nufin kusan 26 idan wuta ta cika, da 28.5 idan ta haura da kashi 10 cikin ɗari da tsakar dare bayan masu walda da masu niƙa sun tashi. Rarar bolt 8.5 sau amfiya 200, kilowat 1.7 ke nan na zafi zalla a jikin tiransistoci. Ka sauke maganaɗisun zuwa amfiya 100 ka ga abin haushi: shi yana cin kilowat 1, na'urar tana ƙona kusan 1.9. Wannan zafi a ɗakin zai zauna, a watan Afrilu, kuma AC ɗin da za ta fitar da shi ita ma dizal take sha. Wurin liniya shi ne ƙananan maganaɗisun da ke gyara wa zaren ƙwayoyin da injin ke harbawa hanya, masu amfiya 2 zuwa 10, waɗanda ake so su ratsa sifili daga wannan ɓangare zuwa wancan ba tare da tuntuɓe ba. A nan zafin bai wuce na ƙwan lantarki ba, kuma duk mai gyaran amfilifaya zai iya da ita.

Mai kunna-kashe ta bi wata hanya dabam. Tana miƙar da wutar layi kai tsaye ta tara ta a kafasitoci, bolt 415 ya zama kusan 560, sannan ta riƙa saran wannan tarin sau 20,000 ko fiye a sakan ɗaya, ta bi da shi ta ƙaramar taransifoma, ta sake miƙarwa. Karkarwarta tana can sama inda naɗin maganaɗisu da 'yar ƙaramar matata ke haɗiye ta. Abin da ya fi damuna da ita shi ne wannan tarin kafasitocin da ke tsakiya, domin shi ne ya raba maganaɗisu da halin layi. Agogonta a cikinta yake. Janareta ya yi Hz 48 ko ya yi 52, ba ruwanta. Bolt ya sauka ko ya hau, tana gyarawa cikin ƙasa da milisakan ɗaya, kuma asararta kusan kashi 10 cikin ɗari ce ko ƙasa da haka, ba ta ƙaruwa da hawan boltin layi kamar ta liniya.

Ƙanƙantarta ta buɗe wata ƙofar. Maimakon akwati ɗaya mai amfiya 200, ana jera ƙanana biyar masu amfiya 50 kowanne, huɗu sun isa aikin, na biyar rara ne. Ɗaya ya mutu, sauran su raba kayansa, aiki ya ci gaba, a zare shi a ranar da aka tsayar da injin. Haka aka yi wa manyan maganaɗisun LHC masu matse zaren ƙwayoyi: na'urarsu mai amfiya 13,000 da bolt 18 mai kunna-kashe ce, an haɗa ta da sassa biyar masu amfiya 3,250, ɗaya na rara. A LHC ɗin dai aka yi amfani da tairista a inda ya dace da ita, aka yi amfani da wannan a inda ya dace da ita, babu wanda ya ɗauki ɗayansu addini.

Aibinta ma ba ɓoyayye ba ne. Saran da take yi yana watsa hayaniya ta wayoyi da ta wayar ƙasa, kuma na'urorin gano haske na silikon ko jamaniyam, masu aiki da siginar da ba ta taka kara ta karya ba, sukan kwashe ta. Maganinsa wayoyi masu sulke, matata a ƙofar shiga da ta fita, da raba hanyar wayar wuta da ta sigina tun ana zanen ɗakin. IGBT kuma ba shi da haƙurin tairista, tsawa ɗaya ta damina da ta biyo layi za ta iya kashe shi kafin fis ya farga. Ba ta iya mayar wa layi wuta idan dayod ne a ƙofarta, sai an sa mata turjiyar da za ta ƙona abin da maganaɗisu ya dawo da shi. Sannan ga fanka da kafasitoci masu ruwa a ciki, waɗanda su ne ke fara tsufa. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba ransu biyu. Wadda aka rubuta wa awa 5,000 a digiri 105 za ta yi wajen awa 80,000 a digiri 65, amma 40,000 kacal a digiri 75. Babban ciwon dai gyara ne. Allonta cike yake da ƙananan kayan da sai da madubi ake gani, manhajarta a kulle, idan ta lalace sau da yawa sai an mayar da ita Turai, a jira canjin kuɗi, a jira kwastan. Injin da ya dogara da akwati ɗaya irin wannan zai iya kwana wata da watanni a rufe. Saboda haka ban yarda a sayi mai kunna-kashe ba sai a rarrabe, da na rara a ciki da wani a kan kanta.

Akwai abin da takardun kamfani ba sa ɗaga murya a kansa: ppm ɗin ba daga tairista ko IGBT yake fitowa ba, daga ma'aunin amfiya yake. Na'urar tana gyara abin da ma'aunin ya gaya mata ne kawai, idan ya zame ta bi shi da zuciya ɗaya. Shont, wato 'yar turjiyar da ake auna bolt a kanta, ita ce mafi araha, amma mai ba da milibolt 100 a amfiya 200 tana ƙona wat 20 a jikinta, tana ɗumama tana canza hali. Ma'aunin Hall na masana'antu, mai auna amfiya ta maganaɗisun da ke kewaye da waya, ya fi dacewa da kariya, ba da aikin ppm ba. Na ƙwarai shi ne DCCT, zoben da wayar ke ratsawa, wanda ke tura wata amfiyar ta kishiya har sai maganaɗisun da ke cikin zoben ya zama sifili, sannan a auna ta kishiyar. Ba ya taɓa wayar, ba ya ɗumama da ita, kuma masu kyau daga cikinsu zamewarsu ba ta wuce ppm 1 a digiri ba. Irin su LEM da Danisense na ƙera shi. Bayan shi sai na'urar mayar da sigina lamba: mai bit 16 ba ta ganin abin da ya gaza ppm 15, mai 18 kusan ppm 4, mai 20 kusan ppm 1. Wannan ɓangaren, da bai fi tafin hannu biyu ba, shi ne ya cancanci akwati mai tsayayyen zafi ko da sauran ɗakin na tafasa.

A nan ne kuma ake yawan ɓarnar kuɗi. Tsayuwa ta rabin awa dabam, ta awa takwas dabam, iya komawa kan amfiyar jiya dabam, dacewa da ma'aunin duniya kuma dabam. Maganaɗisun tacewa kan buƙaci ppm 10 zuwa 50 na tsawon yini, masu matse zare ppm 100 zuwa wasu ɗaruruwa sun wadatar, masu gyara hanya ko 1,000 ba laifi. Wanda ya rubuta ppm 1 ga kowa da kowa ya cinye kuɗin kayan ajiya ne a banza. Ko da amfiyar ta tsaya cak ma, ƙarfen maganaɗisu yana riƙe tarihin abin da ya wuce ta kansa, amfiya 150 da aka hau zuwa gare ta da wadda aka sauko zuwa gare ta ba sa ba da tesla ɗaya. Wanda ke son gaskiyar magana sai ya sa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, na NMR ko na Hall mai inganci, a tsakanin leɓunan ƙarfen.

Wannan hali na ƙarfe shi ne ya sa ƙiftawar wuta ke da tsada. Fitilar ɗaki ta ɗan lumshe ta dawo, wanda ke rubutu bai ma ɗaga kai ba, amma an ji ƙwas daga cikin akwati, kwantakta, wato makunnin da ke haɗa na'urar da layi, ta saki. Lambar da ke allon ta gangaro daga 200 zuwa sifili cikin 'yan daƙiƙu, siginar ta ɓace. Mai kula da injin zai tashi ya duba ruwa na gudu, ya share ƙararrawar kariya, ya hau da maganaɗisun har ƙarshe, ya sauko da shi, ya maimaita, sannan ya lallaɓo zuwa amfiyar aiki ta ɓangaren da ya saba bi. Sai kuma jiran naɗin ya koma zafinsa na dā, a sake nemo zaren ƙwayoyin a kan allon haske. Ƙiftawar da ba ta kai sakan ɗaya ba ta ci awa guda, ɗalibin da ya taso daga nesa da samfuransa yana zaune yana kallon agogo.

Kafasitocin cikin mai kunna-kashe suna riƙe ta na wajen milisakan 10 zuwa 20. Don ta haye milisakan 100 da kilowat 4.5, tana saukowa daga bolt 560 zuwa 450, sai an ƙara mata kusan mikrofarad 8,000, wannan mai yiwuwa ne. Daƙiƙa 10 da janareta ke ɗauka kafin ya tashi ya karɓi kaya kuwa ninki ɗari ne na haka, aikin batir ne. Ana bukatar UPS, wato na'urar batir mai riƙe kaya idan an ɗauke wuta, irin wadda kullum wuta ke ratsa cikinta, ba mai jira sai an ɗauke ta canza ba, kuma a ɗora mata famfon ruwan sanyaya da kwamfutocin sarrafawa tare da maganaɗisun, in ba haka ba kariyar ruwa ce za ta kashe shi alhali yana da wuta. A nan sikeli ya karkata sosai. Mai kunna-kashe baƙuwa ce mai ladabi a wurin UPS da inbatar sola. Mai tairista tana wahalar da su da yankan wuta, kuma idan ta zo mayar da wuta yawancinsu ba su da inda za su sa ta. Raba maganaɗisu da layin gari ba wayon talaka ba ne: injin PS na CERN, wanda ya fara aiki a 1959, shekara da shekaru ta wani ƙaton injin juyawa ake ciyar da shi, har 2011 da aka maye gurbinsa da tarin kafasitoci mai suna POPS. Masu kawo misalin cibiyar hanzarta ƙwayoyi ta SESAME da ke ƙasar Jodan, wadda aka buɗe a 2017 ta kuma koma dogaro da hasken rana a 2019, su lura cewa gonar solarta a layin ƙasa take zuba wuta. Kuɗin wuta ta rage musu, ba ita ke tsare su daga ƙiftawa ba.

Saura yanayin gari. Duk wanda ya buɗe bayan kwamfuta a Samaru a ƙarshen hunturu ya san abin da zai gani: ƙura ja-ja mai laushi ta toshe tsakanin haƙoran alminiyam ɗin da ke fitar da zafi, ta yi kauri a fukafukan fanka, idan ka shafa ta da yatsa sai ta tashi falle guda. Na'ura mai shan iska tana zuƙar wannan dare da rana, idan damina ta shigo ƙurar ta sha laima sai ta fara ɗaukar wuta tsakanin layukan allo. Tunda maganaɗisun dama yana da ruwan sanyaya wanda aka cire wa gishiri, na fi son na'urar ma ta sha daga nan, akwatinta a rufe ruf. Sharaɗi ɗaya ne, kada ruwan ya yi sanyin da zai sa bututu ya yi zufa a watan Agusta. Rufewar tana kuma hana ƙadangare da ɓera da zanzaro mai gini a kowane rami. Wannan ba matsalarmu mu kaɗai ba ce, a Afrilun 2016 wata dabba mai kama da tunku ta shiga taransifoma mai bolt 66,000 ta tsayar da LHC na kwanaki. Wayar ƙasa kuma a auna ta a watan Maris lokacin da ƙasa ta bushe ƙarau, awon da aka yi a damina yaudara ne.

Kowace aka zaɓa, kada hanyar amfiya ta yanke haka kawai. Ɗan maganaɗisunmu yana riƙe da jul 2,000, idan aka katse amfiya 200 cikin milisakan ɗaya zai tayar da bolt 20,000 ya huda rufin wayarsa. Dayod ɗin da zai ba amfiyar hanyar zagayawa dole ne, kuma kariyar ruwa da ta zafin naɗi su bi ta waya da rile kai tsaye, ba ta manhaja ba. Mahaɗar waya ma abin dubawa ce. Kusar da ta saki ta ƙara miliom 1 kacal tana ƙona wat 40 a wuri ɗaya. Abin da ya sami LHC ranar 19 ga Satumba 2008, wanda ya sa aka fitar da maganaɗisu 53 aka kuma rasa fiye da shekara guda, daga mahaɗa ɗaya mara kyau ya taso.

Ga maganaɗisu daga kilowat 1 zuwa wasu gomomi, wanda shi ne girman da ɗakin bincike na jami'a zai fi haɗuwa da shi, zaɓina mai kunna-kashe ce a rarrabe, mai shan ruwa, da DCCT, a bayan UPS. Ƙananan masu gyara hanya a ba su liniya. Tairista tana da wuri biyu. Na farko idan an kai ɗaruruwan kilowat, ga taransifoma ta kansa, inda batir ɗin da zai ɗauki kayan ya fi ƙarfin aljihu. Na biyu idan an san a rai cewa bayan bikin buɗewa ba za a sake ganin kuɗin kayan ajiya ba. A wannan halin gara mai bugu 12 da mutanen gida za su iya tayarwa, a haƙura da ƙarin karkarwa, a kuma ƙara mata 'yar matatar liniya a ƙofar fita idan maganaɗisun tacewa ne.

A takardar odar, a rubuta cewa alƙaluman tsayuwa za su tabbata ne a ɗaki mai digiri 40, da boltin layi mai hawa ko sauka da kashi 15 cikin ɗari, da Hz 47 zuwa 53. A nemi cikakken zane, da kwafin manhaja da saitinta, da sashe ɗaya na ajiya, da fankoki da fis, da horar da mutum biyu aƙalla, domin ɗaya zai iya tafiya ƙaro karatu. Kaso na ƙarshe na kuɗin kuma a riƙe shi sai an yi gwajin awa takwas a nan Zariya, a kan ainihin maganaɗisun, da DCCT na biyu wanda ba na kamfanin ba yana rubuta amfiya a gefe. A tsakiyar gwajin a sa wani ya ja canjoba daga layi zuwa janareta, bayan awa guda ya mayar.